Ranar da Aka Kwance Tsohuwa

Motoci uku ne a tashar 'yan kwana-kwana ta garin, amma duk wanda ya yi mako guda yana aiki a wurin ya san mota ɗaya ce. Ita ce wadda suke kira Tsohuwa. Ta girmi rabin ma'aikatan, ƙofarta ta hagu da waya ake ɗaure ta, in za ta tashi kuwa sai ta yi ta tari kamar mashayin taba, amma in ta tashi ta tashi. Sauran biyun ado ne. Gimbiya ita ce ta ƙarshen zuwa, ja wur, gilashinta ko tsaga babu, sai dai injinta ya tsage ta ciki, in ta yi tafiyar minti goma sai ta tafasa. Raguwa kuwa injinta lafiya lau, giyarta ce ta mutu shekara huɗu da suka wuce. Tun daga nan take tsaye inda aka tura ta, har wata kazar maƙwabta ta taɓa ƙyanƙyasa a ƙarƙashin kujerarta.

Makaniken tashar shi ya san cikin kowaccensu. Injiniya ake ce masa, rabi girmamawa rabi tsiya, don bai yi nisa a boko ba. Shekara ashirin da shida yana kwanciya ƙarƙashin motocin nan. Duk abin da ya lalace a jikin Tsohuwa, a jikin 'yan'uwanta yake cirowa. Famfon mai da batir ɗin da ke jikinta na Gimbiya ne. Famfon da ke feshin ruwa da lagireton da ke sanyaya injin, na Raguwa ne. Haka ya yi ta lallaɓa ta, kuma yana alfahari da hakan, ba ya ɓoyewa.

Kowace shekara Oga, shugaban tashar, yakan rubuta wa gwamnatin jiha takardar neman kuɗin gyara. Kowace shekara a ce masa ana dubawa. A rediyo kuwa sai ka ji an ware wa agajin gaggawa abin da ko kunne ya ji sai ya ƙoshi, amma tsakanin bakin mai karanta labarai da ƙofar tashar akwai wani rami da ba wanda ya san zurfinsa. Bana sai ga takarda ta zo da sabon salo. Wai za a tattara kuɗin yaƙi da gobarar daji wuri guda. Duk tashar da ba ta da mota biyu masu aiki za a rufe ta, a kwashe kayanta zuwa hedikwata a babban birni, tafiyar awa biyu. Kwamitin majalisar jiha zai zo ranar Talata ya gani da idonsa.

Oga ya kira Injiniya ofis ya tura ƙofa.

"Mota biyu nake so ranar Talata."

"Ranka ya daɗe, haihuwa zan yi?"

"Ba wasa na kira ka ba. Ɗaya ta zagaya fili tana jiniya, ɗaya ta fesa ruwa su gani. Iyakar abin da za su duba ke nan. Ka mayar wa Gimbiya kayanta, ka mayar wa Raguwa nata."

Injiniya ya gane tun kafin Oga ya rufe baki, abin da ya fi ba shi haushi ma shi ne dabarar za ta yi aiki. Gimbiya za ta iya zagaya fili sau uku kafin ta tafasa. Raguwa ba ta bukatar giya ta fesa ruwa daga inda take tsaye. Sai dai kafin a samu haka, dole a kwance Tsohuwa.

"Oga, ciyawa ta bushe ƙamas. Jiya ma iska ta kwashe kwanon rumfar mai wankin mota. In wani abu ya tashi fa?"

"Ƙarfe goma za su zo, sha biyu sun tafi. Kai kuma ka mayar da komai."

"Mayarwar awa uku ce, in ba a samu noti ya cije ba."

Oga ya cire tabarau ya murza idonsa. Shi ma ba ƙaramin yaro ba ne, kuma ba mugu ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa.

"To faɗa min wata hanyar. Mu faɗi gaskiya su rufe mu? Mutum goma sha huɗu ne a nan, kowa da iyali. Ka bar mu ma, garin fa? Daga ranar da aka rufe ƙofar nan, duk wanda wuta ta kama gidansa sai ya jira mota daga birni. Awa biyu. Yayarka ma haka."

Nan ya kama shi. Yaya ita ta raini Injiniya bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kai shi gareji koyon aiki yana ɗan shekara goma sha biyu. Da ta bar aikin asibiti ta gina ɗaki biyu da falo a layin ƙarshe na garin, can gindin tudu, inda daga bayan katangarta sai daji. Duk rani sai ya yi mata faɗan ta sa a share ciyawar bayan gida, ita kuwa ta ce me za ta ji tsoro, ga ta da ƙane a kwana-kwana. Ya tashi ya buɗe ƙofa ya fita.

Ranar Litinin da rana ya shiga ƙarƙashin Tsohuwa. Bai yarda kowa ya taya shi kwancewa ba. Kowane noti ya cire sai ya jera shi a kan buhu bisa tsari, don ya san da sauri zai neme shi. Kafin a tashi aiki an tura gangar jikinta bayan gini an rufa mata tamfol. Direban tashar, wani dogo mai bakin tsiya, ya tsaya ya dube ta ya ce, "An yanka mai rai ɗaya an samu gawa biyu masu motsi." Ba wanda ya yi dariya.

Akwai wata matsala guda da ta rage. Wayar totur ɗin Raguwa ta daɗe da tsinkewa, babu kuma wata. In ana so injin ya yi ƙarfin da zai tura ruwa, sai mutum ya tsuguna ta gefen da ke kallon katanga, ya zura hannu ya ja guntun wayar da filaya, ya riƙe. Da zarar ya saki, injin zai mutu. Aka shirya cewa Direba zai zauna a gaba ya yi kamar shi ke takawa, Injiniya kuma ya ɓuya a lungun ya riƙe.

Talata da safe kowa ya sa kaki mai guga. An share fili, an shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, an goge Gimbiya har mutum na ganin haƙoransa a jikinta. Ƙarfe goma ta yi, ba kwamiti. Sha ɗaya, sha biyu. Aka bugo cewa sun tsaya a wata tashar. Ɗaya ta wuce aka ce suna cin abinci. Injiniya ya kasa zama. Ya je bayan gini ya ɗaga tamfol ya sake dubawa, ya dawo, ya koma. Iska kuwa tun azahar ta tashi, mai zafi, irin wadda ke busar da leɓe, tana ta kaɗa tutar da aka ɗaura don baƙi.

"Oga, bari in fara mayarwa. Yau kam ba za su zo ba."

"Ka fara, su shigo su same ka da hanjinta a hannu?"

Ƙarfe biyu da rabi suka iso, mota biyu da bas guda. Shugaban kwamitin mutum ne gajere mai ƙiba, yana ɗingisa ƙafa ɗaya, da gani ya gaji da ganin tashoshi. Ya ƙi zama. Ya ce a nuna masa abin da za a nuna, yana da sauran wuri biyu kafin dare.

Gimbiya ta yi rawar gani. Direba ya fito da ita tana jiniya, fitilu na juyawa, ya zagaya fili sau biyu, don ƙwarewa ma har ya leƙa da ita bakin titi ya dawo. Ya kashe ta daidai lokacin da tururi ya fara leƙowa ta ƙarƙashi. 'Yan kwamiti suka gyaɗa kai, magatakardansu ya yi alama a takarda.

Sai Raguwa. Injiniya ya zame ya shige lungunsa tsakanin mota da katanga, wurin da ko juyawa mutum ba ya iya yi. Ya durƙusa, ya zura hannun dama har kafaɗa, ya kama wayar da filaya ya ja. Injin ya yi ruri. Ya ji tiyo ya cika ya miƙe, ya ji ruwa na dukan ganga da aka ajiye a tsakar fili, ya ji wani ya tafa. Ƙarfen da ya jingina kuncinsa a kai ya fara zafi. Ta ƙarƙashin motar ba ya ganin komai sai ƙafafu: takalman baƙi masu sheƙi, da manyan takalman abokan aikinsa.

A nan ya ga silifas ɗin Mai Waya, matar da ke karɓar kira a ofis. Da gudu ta fito, ta tsaya gab da takalmin Oga. Ƙafafun Oga suka ja da baya taku biyu, suka tsaya, suka koma inda suke. Silifas ɗin suka ɗan jima, sannan suka juya ofis a hankali. Injiniya bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya gane ba lafiya ba. Ya san Mai Waya, ba ta gudu don ƙaramin abu.

Wayarsa ta yi rawa a aljihun gaba. Ya ciro ta da hagu. Yaya ce.

"Ƙanena, kuna ina?" Muryarta a sama take kamar kullum, don kunnenta ya yi nauyi shekarun nan, in tana magana sai ka ce da wanda ke ƙetaren titi take. "Wuta ce ta gangaro daga tudu. Hayaƙi ya rufe mu, toka na zuba a tsakar gida."

"Yaya, ki fita. Ki bar komai ki fita."

"Me ka ce? Ina jin ƙarar motar dai. Kun taso ke nan. Madalla. Dama mai babur ɗin layinmu ya ce ya wuce ta ƙofarku ya ga jar mota ta fito tana jiniya."

Ya manna bakinsa da wayar.

"Ba mu taso ba. Ki fita."

"Ɗaga murya, injin ya cika min kunne. Ni dai na bi gida-gida na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ya jiƙa rufinsa, ƙanena na tafe. Matar tela ma ta ɗaure kaya za ta gudu da yara, na ce ina za ki da jariri cikin hayaƙin nan, ki zauna."

Ya dubi hannunsa na dama da ya shige cikin injin. Ya dubi ƙafafun da ke fili. Takalmin magatakarda ya matso kusa da na shugaban kwamiti, da alama takardar yake miƙa masa. Minti biyar, ko ma uku, a sa hannu, baƙi su hau mota, tasha ta tsira. Oga ma lissafin da ya yi ke nan, shi ya sa ya koma ya tsaya. Ba shakka kuma an buga wa hedikwata, motarsu na iya tasowa yanzu ta iso bayan awa biyu. Amma shi Injiniya ya taɓa ganin yadda wuta ke gudu cikin busasshiyar ciyawa in iska na bayanta. Mutum da ƙafarsa ba ya tsere mata, balle tsohuwa mai ciwon gwiwa da mace mai goyo. Layin nasu kuma hanyar mota ɗaya ce da shi, wadda ta bi ta gefen dajin.

Ya sake gwadawa, ya ɗan ƙara murya.

"Yaya! Babu mota!"

"Eh, ina jin motar. Ku yi sauri dai."

Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, har da haushin kansa, don ba wanda ya ɗaure shi a lungun nan sai hannunsa. Ya buɗe yatsunsa. Filayar ta faɗi ƙasa.

Injin ya yi tari biyu ya mutu. Ruwan ya karye a sama ya zubo a ƙasa, tiyon ya kwanta. Filin ya yi tsit, ba ka jin komai sai tutar nan da iska ke kaɗawa. Cikin wannan shirun ne murya ta fito daga bayan motar, da iyakar ƙarfin da maƙogwaro ke da shi.

"Yaya, ki saurare ni da kyau! Babu motar da ke zuwa! Ba mu da mota ko ɗaya mai tafiya! Wadda aka gani ta nuna wa baƙi ce! Mai aikin na kwance ta da hannuna tun jiya! Ki fita yanzu, ki fitar da kowa, ku bi ta filin makaranta!"

Ya ƙara manna wayar a kunnensa.

"Na ji," ta ce, a karon farko da ƙaramar murya. Ta kashe.

Ya fito daga lungun da rarrafe, kuncinsa ya yi ja, hannun rigarsa baƙi ƙirin. Kowa na kallonsa. Direba na zaune a gaba har yanzu, ƙafarsa a kan totur ɗin da ba a haɗe yake da komai ba. Oga ya yi tsuru-tsuru. Alƙalami na hannun shugaban kwamiti, bai kai ga takardar ba.

"Gaskiya ne abin da ya faɗa?"

Oga ya cire hularsa. "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

"Ina mai aikin?"

"Tana bayan gini."

Injiniya bai tsaya jin sauran ba. Ya ɗauki akwatin sifanu ya yi bayan gini, ya fizge tamfol. Kafin ya kwanta mutum shida sun biyo shi, sun tuɓe rigunan gugar sun zubar a ƙasa. Biyu suka hau Gimbiya ciro batir da famfon mai, uku suka rufu a kan Raguwa. Oga da kansa ya durƙusa yana miƙa noti daga kan buhu. Ba wanda ya ce wa Injiniya don me, ba kuma wanda ya ce masa sannu. Ya gwammace a zage shi.

Yana kwance ƙarƙashinta ya ji shugaban kwamiti na ba da umarni a sauke kayansu daga bas, a tura ta filin makaranta ta kwaso mutane. Daga baya takalmin mai ɗingishi ya zo ya tsaya daidai kansa.

"Malam makanike, ni ba maƙiyinku ba ne. Takardar da aka ba ni gida biyu ne da ita, tana aiki ko ba ta aiki. Babu gidan da zan rubuta abin da na gani yau."

"Ranka ya daɗe, ka ɗan matsa, kana tare min haske."

Aikin awa uku suka yi cikin awa ɗaya da minti arba'in. Ƙarfen Raguwa da zafinsa suka ciro shi, tafin hannun mutum biyu ya saɓule. Noti ɗaya ya cije, Injiniya ya sare shi da kurfi ya ɗaure wurin da waya. Tsohuwa ta yi tarinta, ta yi, ta yi, sannan ta tashi. Ya hau baya ya riƙe ƙarfe, suka fita. Ba su kunna jiniya ba, ba wanda ya ce a kunna.

Da suka haye gadar ƙarshen gari suka ga abin da tudu ya ɓoye musu. Gefensa duka ya yi baƙi, hayaƙi ya kwanta a kan rufin gidaje. Layin ƙarshe ya riga ya tafi. Gida bakwai, ba abin da ya rage sai katangu da kwanon rufi da ya lanƙwashe. Suka ja daga a layi na biyu, suka tare wutar a nan da tanki ɗaya da bokitan mutanen unguwa. Motar hedikwata ta iso rana ta yi sanyi, ta taya su kashe gungume.

Sai da aka naɗe tiyo Injiniya ya nufi filin makaranta. Mutane sun cika barandar azuzuwa, wasu da ƙunshin kaya, yawanci hannu wofi. Ya ga tela da matarsa, jaririn na barci a kafaɗarta. Ya ƙirga fuskokin da ya sani, ya sake ƙirgawa. Kowa na nan. Suna ganin kakinsa wasu suka kau da kai.

Yaya na zaune ita kaɗai a kan wani ɗan benci na yara, gwiwoyinta sun kusa kai ƙirjinta. Ba ta ɗauko komai ba, ko jakar magungunanta. Takalmi ɗaya ne a ƙafarta, ɗayar ƙafar an naɗe da tsumma. Ya durƙusa a gabanta.

"Yaya, ƙafarki."

"Garwashi na taka, ba komai." Ta dube shi sama da ƙasa, kamar yadda take yi yana yaro in ya dawo daga gareji. "Ka ci abinci yau?"

Ya girgiza kai. Hawaye ya zubo masa, bai share ba.

"Da na san babu mota da tun hayaƙin farko mun fara kwashe kaya," ta ce. "Akwai lokaci. Tela da ya fitar da kekunansa. Ni na hana su."

"Ba ke ba ce, Yaya. Ni ne."

Ta kamo kunnensa ta jawo shi kusa, ta yi ƙoƙarin rage murya, ko da yake raɗarta ma ana ji daga aji na gaba.

"Gida shida na shiga na ce su jira ka. Gida shida na koma na ce su gudu. Kowa ya tambaye ni, ina ƙanen naki? Na ce ai tun farko ya ce mu fita, ni ce ban ji da kyau ba." Ta sake shi ta gyara tsumman ƙafarta. "Haka za ka ce in sun tambaye ka. Ni tsohuwa ce, za su yafe min. Kai kuwa da sauranka a garin nan."